Numfashi ya sauya, fitsari ya ragu: yadda za ku karanta huhu da ƙoda tare a gefen gado

Tun da na fara zagayawa da ɗaliban aikin jinya na shekarar ƙarshe a ɗakunan marasa lafiya a nan Gusau, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini, a aji da kuma a waya: Sista, mun haddace yadda cutar huhu da ta ƙoda ke aiki a jiki, mun ci jarabawa, amma idan aka kawo mutum yana haki sai kanmu ya ɗaure, ta ina za mu fara? Ga amsar nan a rubuce, a jere kamar yadda nake yi da hannuna. Lissafin da ke ciki na manya ne, na yara daban yake.

Abu guda ku riƙe kafin mu shiga. Huhu da ƙoda abokan aiki ne wajen daidaita asid a jini. Huhu na fitar da iskar CO2 cikin mintoci, ƙoda kuma na zubar da asid a fitsari tana adana baikabonet, sinadarin da ke rage tsamin jini, amma ita sai ta ɗauki kwana biyu zuwa biyar kafin aikinta ya kankama. In ɗaya ta gaza, ɗayar ce ke ɗaukar kayan. Shi ya sa mai ciwon ƙoda kan zo da haki alhali huhunsa ƙalau.

Kayan da za ku tanada

Agogo mai nuna daƙiƙa, abin sauraron ƙirji, na'urar awon jini, oksimita (abin da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin a jini), kofin awon fitsari mai lamba, tsinken gwajin fitsari, na'urar gwajin suga, da takardar lissafin ruwa. Agogo da kofin nan su ne mafi araha a cikinsu, kuma su ne suka fi ba ku labari. Ku mallaki oksimita taku ta kanku in da hali, ku riƙa yawo da batir na ajiya a aljihu, domin ta ɗakin takan mutu ne daidai lokacin da ake nemanta.

1. Ku duba, ku ƙirga

Kafin ku taɓa mara lafiya, ku tsaya a ƙarshen gado ku kalle shi. Yana iya gama magana da numfashi ɗaya, ko sai ya yanke ta gida biyu? Ya kwanta, ko ya ƙi kwanciya ya dafa gwiwoyinsa? Jijiyoyin wuyansa na ɗagawa? Sannan ku kama hannunsa kamar masu jin bugun jini, ku ƙirga numfashi minti ɗaya cur. Na babba lafiyayye 12 zuwa 20 ne. Daga 25 zuwa sama, ko ƙasa da 10, a kira likita yanzu.

Gargaɗi: kada ku ƙirga daƙiƙa 15 ku ninka, kuma kada ku kwafi lambar da na gabanku ya rubuta. Takardar da aka jera 20, 20, 20 tun safe har dare ba ta faɗa wa kowa komai. Numfashi ne ke fara sauyawa tun kafin jini ya sauka, ga shi kuma shi aka fi rainawa.

Bayan adadi sai kamanni. Numfashi mai sauri marar zurfi, da tari da zazzaɓi, yana nuna huhu. Mai ƙarar shaƙewa lokacin fitar da iska yana nuna asma ko toshewar hanyoyin iska. Amma numfashi mai zurfi, mai tsawo, kamar na wanda ya sha gudu, ba tari, ƙirji kuma tas idan kun saurara, wannan shi ne numfashin Kussmaul. Jini ne ya yi tsami, huhu ke ƙoƙarin zubar da CO2 don rage shi. In kun ga haka ku tuna ƙoda, ciwon suga da ya rikice, da cutar da ta bi jini. Ku gwada suga nan take.

Akwai wani magidanci da ba na mantawa, a farkon aikina. An kawo shi da dare cikin bazara yana irin wannan numfashi, muka ce asma ce, muka yi ta ba shi hayaƙin salbutamol. Sai da asuba ta gabato na tambayi ƙanensa yaushe rabonsa da fitsari. Ya ce, «Wallahi Sista, tun shekaranjiya ban ga ya zaga ba.» Ashe kwana uku ya yi yana amai da gudawa, yana kuma shan maganin ciwon jiki daga kemis. Tambaya ɗaya ce tak, kuma na makara da ita awa shida. Daga ranar ban sake sauraron ƙirji ban tambayi fitsari ba.

2. Oksimita da iskar oksijin

Ku ɗora ta a yatsa mai ɗumi, ku jira lambar ta tsaya, ku tabbatar bugun da take nunawa ya yi daidai da wanda kuka ji a hannu. Abin nema ga yawancin marasa lafiya shi ne 94 zuwa 98. Ga mai daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu kuwa, 88 zuwa 92 ake so. Irinsu suna da yawa a wajenmu, musamman iyayenmu mata da suka yi shekara arba'in a gaban murhun itace ba su taɓa riƙe taba ba. In aka cika musu oksijin, iska da jini sukan ƙara saɓawa a cikin huhun, CO2 ya taru, sai ku ga Inna ta yi shiru tana gyangyaɗi. Mai jinya zai ce ta samu sauƙi. Ku kada ku yarda, ku tashe ta ku gani.

Wannan ba dalili ne na hana oksijin ga wanda ke mutuwa don rashinsa ba. A ba shi, a tsaya kusa, a rage a hankali har lambar ta shiga inda ake so.

Robar hanci tana ɗaukar lita 1 zuwa 4 a minti, iyakarta 6. Takunkumin fuska na yau da kullum kada ya yi ƙasa da lita 5, in ba haka ba iskar da ya fitar zai sake shaƙa. Mai jaka a ƙasa lita 15 yake so, kuma sai jakar ta cika kafin a ɗora. Yawancin injinan tace oksijin da muke da su lita 5 ne ƙarshensu, wuta na ɗaukewa kuma sun tsaya, don haka ku san inda tukunyar ajiya take da abin da ya rage a cikinta tun kuna karɓar aiki.

Gargaɗi: oksimita na yin ƙarya. Baƙin lalle da jan farce kan rikita ta, sai ku nemi yatsan da ba ƙunshi, ko na ƙafa, ko kunne. Hannu mai sanyi na wanda jininsa ya sauka ba ya ba da lamba ta gaskiya. A fata mai duhu takan ɗan ƙara lamba sama da abin da ke jini. Mafi haɗari, wanda ya kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu, ko da janareta a zaure, zai iya nuna 99 alhali guba ce ta cika jininsa. Shi a ba shi lita 15 ko me na'ura ta ce. Haka mai ƙarancin jini sosai: lambar za ta yi kyau, amma jinin da zai ɗauki iskar ne babu. Ku buɗe fatar idonsa.

3. Tambayoyin da ba a tsallakewa

Ku tambaya da ladabi, cikin harshen da mutum zai gane, kuma in dattijo ne ku sassauta murya ko ku ja ɗansa gefe. «Baba, yaushe rabonka da fitsari? Da yawa ko kaɗan? Wane launi?» Sai amai, gudawa, zubar jini, zazzaɓi. In mace ce, ciki ko haihuwa ta kusa, jijjiga, ko jinin da ya ɓalle bayan haihuwa. Sai saran maciji, musamman kububuwa. Sai magani: diclofenac da ibuprofen da ake saya don ciwon jiki bayan aikin gona, allurar gentamicin da aka yi a gida, da jiƙe-jiƙen gargajiya. Kada ku yi tambayar jiƙon da fuskar faɗa, za a ɓoye muku. Ku ce, «Me aka ɗan taimaka masa da shi a gida kafin a kawo shi?»

Ku tambayi sana'a. Mu a Zamfara ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Babban da ya daɗe a wannan aiki yana ɗauke da haɗari biyu: ƙurar dutse na taurara huhu tana buɗe wa tarin tibi ƙofa, dalma kuma na cin ƙoda a hankali tana ta da hawan jini. Wanda ya fito daga bakin ruwa, irin su Bakalori ko Yawuri da Argungu, ku tambaye shi ko ya yi tsargiya, domin in ta daɗe takan ƙuntata hanyar fitsari.

4. Ku auna fitsari da lamba

«Ya yi fitsari» ba bayani ba ne. Nawa? Ƙa'idar ita ce rabin mililita ga kowane kilo a kowace awa. Mai kilo 60 ya kamata ya ba ku aƙalla mililita 30 a awa, wato 180 cikin awa shida. In bai kai ba, ya shiga ma'aunin raunin ƙoda na farat ɗaya bisa ƙa'idar KDIGO (ƙungiyar masanan ƙoda ta duniya) ta 2012, ko da sakamakon gwaji bai dawo ba. In ya kai awa 12 a haka, mataki na biyu ke nan. Awa 12 ba ɗigo ko ɗaya, mataki na uku.

Daga nan sai ku tambayi kanku a ina matsalar take, domin wuri uku ne.

Ko dai jini ne ba ya isa ƙodar. Ƙoda na karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turowa, tana tace wajen lita 180 a yini, ta mayar da kusan duka. Ruwa na raguwa a jiki, sai ta damƙe abin da ta samu. Za ku ga harshe a bushe, ido ya faɗa, bugu na sauri, jini ya sauka, fitsari kaɗan mai duhu. Wannan ita ce wadda muka fi gani da damina lokacin kwalara da kuma tsakiyar bazara, kuma ita ce mafi saurin gyaruwa in an kama ta da wuri. In aka bar ta, ƙananan bututun ƙodar su mutu, ta koma ta biyu.

Ko kuma ƙodar ce da kanta ta ji rauni: magani mai guba, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da fitsari kamar ruwan shayi, dafin maciji, ko kumburin matatar ƙoda. Tsinken gwaji zai nuna jini ko furotin. Ku tsoma shi a fitsarin da aka yi yanzu, ku karanta a lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar.

Ko kuwa hanya ce ta toshe. Ku shafa mara. Dattijon da mararsa ta yi tauri kamar ƙwarya, yana nishi, furostet ne ko ƙuncin hanya, robar fitsari ce maganinsa na farko. Wannan ake fara cirewa daga lissafi domin shi ne mafi sauƙi.

Gargaɗi a kan roba: a sa ta da tsafta cikakkiya, kada a hura balan-balan sai an ga fitsari ya fito, jaka ta zauna ƙasa da mara amma kada ta taɓa ƙasa. In fitsari ya tsaya a wanda ke da roba, ku fara duba ko ta lanƙwashe ko ya danne ta da cinya. Wanda aka buɗe wa toshewa kuma yakan kwararo lita-lita har ya bushe, don haka a ci gaba da aunawa kowace awa.

5. Ruwa: a ƙara ko a tsayar?

Nan ne aka fi yin ɓarna, ta fuska biyu. Wani a bushe yake ana ba shi Lasix, maganin fitar da ruwa daga jiki, wai don ya yi fitsari, ƙodar da ke kukan ƙishirwa a ƙara matse ta. Wani kuma a cike yake, ana ta rataya masa leda bayan leda don fitsari bai zo ba, ruwan da ba shi da mafita ya gangara huhu.

Kafin kowace leda, ku saurari gindin huhu ta baya, ku dubi jijiyar wuya, ku danna ƙafa da ƙugu. In ya bushe kuma ƙirji tas, likita kan ba da mililita 250 zuwa 500 cikin minti 15, sannan a sake dubawa. Sake dubawar nan aikinku ne: numfashi, bugu, awon jini, ƙirji, fitsari. Mai kwalara da ya bushe ƙwarai lissafinsa daban ne, mililita 100 ga kowane kilo na ruwan Ringer, 30 a rabin awar farko, sauran 70 cikin awa biyu da rabi.

In kuwa numfashi ya ƙaru ana cikin ƙarin ruwa, ya kasa kwanciya, kun ji ƙara a gindin huhu kamar ana murza gashi kusa da kunne, ko ya fara tofar da kumfa, ku rufe ruwan kafin ku je kiran kowa. Ku zaunar da shi ƙafafu a ƙasa, ku sa oksijin, sannan a kira likita.

Ku ƙirga ɗigo da agogo. Da layin da ke ba da ɗigo 20 a mililita, leda mai 500 da za ta yi awa huɗu tana son ɗigo 42 a minti. Ku gaya wa masu jinya kada su taɓa maƙunnin, domin wasu sukan buɗe shi da kyakkyawar niyya don ruwa ya shiga da sauri. A takardar lissafi a rubuta komai, har kunu da ruwan da aka ba shi da cokali. Zufa da numfashi na ɗauke wajen rabin lita a yini, fiye da haka da zazzaɓi ko zafin Afrilu. In akwai sikeli a auna shi kowace safiya: kilo ɗaya da ya ƙaru cikin dare lita ɗaya ce ta ruwa.

6. Karanta takardar gwaji

Gwajin gishirin jini da yuriya da kiriyatinin (dattin da ƙoda ke tacewa daga jini) shi ne na farko da za a kashe wa kuɗi. In aljihun iyali ya yi rauni, ku taya su tsara abin da za a fara biya tare da likita, kada kuɗin ya ƙare a kan maganin ƙarin kuzari.

Idonku ya fara sauka a kan fotasiyam. Daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0. Daga 6.5, ko kuma kowace lamba mai yawa da ta zo da sauyi a hoton bugun zuciya, wato T mai tsini ko QRS da ya yi faɗi, zuciya na iya tsayawa ba sallama. Likita zai rubuta kalsiyam gulukonet don kare zuciya, insulin da gulukos don tura fotasiyam cikin ƙwayoyin jiki, wani lokaci da hayaƙin salbutamol. Ku sani duk waɗannan ba sa fitar da shi daga jiki, lokaci kawai suke saya. Bayan insulin a riƙa gwada suga akai-akai na awoyi, domin ƙodar da ta gaza ba ta saurin kawar da shi. Ku kuma leƙa ƙarƙashin gado: dabino, ayaba da lemu da 'yan dubiya ke kawowa duk fotasiyam ne. Kada a zuba fotasiyam a leda sai an ga fitsari da sakamako.

Gargaɗi: jinin da aka matso da ƙyar, ko ya daɗe a kan tebur, yakan fashe ya ba da lamba mai yawa ta ƙarya. A sake ɗiba, amma in zuciya ta nuna alama ba a jiran na biyu.

Kiriyatinin da ya ƙaru da 0.3 mg/dL cikin awa 48, ko ya ninka ɗaya da rabi cikin mako, rauni ne. Yana makara da yini ɗaya ko biyu bayan ɓarnar, kuma a tsohuwa marar tsoka lamba mai kyan gani na iya ɓoye ƙodar da ta raunana.

Inda ake gwajin iskar jini, ku bi shi da wannan jeri. Na farko pH, awon tsamin jini: 7.35 zuwa 7.45, ƙasa da haka jini ya yi tsami. Na biyu PaCO2, yawan CO2 a jini, 35 zuwa 45, wannan hannun huhu ne. Na uku HCO3, wato baikabonet, 22 zuwa 26, hannun ƙoda. Wanda ya tafi ɓangare ɗaya da matsalar pH (in tsami ne, CO2 da ya hau ko baikabonet da ya sauka) shi ne mai laifi, ɗayan taimako yake. Sai PaO2, yawan oksijin a jini: ƙasa da 60 gazawar numfashi ce, in kuma CO2 ya hau tare da ita, iskar ce ba ta shiga tana fita yadda ya kamata.

Ga misali. pH 7.26, HCO3 10, PaCO2 23. Baikabonet ya faɗi, matsalar daga jiki take. Shin huhu na taimakawa yadda ya kamata? Ku ninka HCO3 da 1.5 ku ƙara 8, ya ba ku 23. Daidai. Yanzu a ce bayan awa huɗu PaCO2 ya koma 40, numfashi ya lafa. Ɗalibi zai yi murna ya ce ya dawo daidai. Ina! Da baikabonet 10, wannan 40 ɗin na nufin pH ya gangara wajen 7.0, mutumin ya gaji ne, yana dab da tsayawa. Shi ya sa ba a ba mai numfashin Kussmaul maganin barci don ya huta.

Misali na biyu, Innar nan mai hayaƙin murhu: pH 7.35, PaCO2 60, HCO3 32. Ƙodarta ta daɗe tana tara baikabonet don ta rufa wa huhu asiri. A haka take rayuwa. Abin tsoro shi ne ranar da pH ɗin ya fara sauka.

In za a ɗebi jinin jijiyar bugu, a yi gwajin Allen (a tabbatar ɗaya jijiyar hannun na kai jini), a kori kumfar iska daga sirinji, a rubuta litar oksijin da yake kai, a danne wurin minti biyar, a kai ɗakin gwaji nan da nan. Inda babu na'urar kuwa, baikabonet ɗin gwajin gishirin jini tare da numfashin da kuka ƙirga sun isa su nuna muku hanya.

7. Lokacin tura shi gaba

Abu biyar ke kai mutum wankin ƙoda da gaggawa: fotasiyam da ya ƙi sauka, tsamin jini mai tsanani, ruwa a huhu da bai ji Lasix ba, yuriya da ta taɓa ƙwaƙwalwa ko jakar zuciya, da wasu nau'o'in guba. Kada ku jira su cika. In kuna asibitin ƙaramar hukuma kuka ga fitsari ya ƙi dawowa bayan an gyara ruwa, a fara maganar tafiya Gusau ko Sakkwato tun da rana, domin kun san hanyoyinmu ba na dare ba ne. A kira can a tabbatar injin na aiki kuma da gado.

Ku zauna da babban gidan ku yi masa bayani a fili. Wanki ɗaya dubban naira ne masu yawa, ga kuɗin layin da za a sa, ga gwaji, ga mota, kuma da wuya a tsaya a zama ɗaya. Amma ku bambance musu: raunin farat ɗaya sau da yawa yana warkewa bayan 'yan zama, ba kamar daɗaɗɗen ciwon ƙoda ba. Mutane da dama na jin kalmar wanki sai su naɗe tabarma su koma gida da wanda zai iya tashi.

8. Miƙa aiki

A bakin gado ake miƙa shi, da lambobi. «Gado na huɗu, kilo 60, numfashi ya tashi daga 22 zuwa 28 tun azahar, oksimita 93 a kan lita 3, fitsari mililita 90 cikin awa shida, ruwan da ya shiga lita ɗaya da rabi, fotasiyam 5.8, za a maimaita ƙarfe goma, an dakatar da diclofenac da gentamicin.» Ku juye jakar fitsarin a gaban mai karɓa, ku rubuta lokacin, ku duba tukunyar oksijin tare, sannan ku nuna wa mai jinya wadda za ta kira in numfashin ya sauya cikin dare.